Tsohuwa, Kawo Shayi

Da mahaifina ya rasu mun yi masa duk abin da ake yi. Mun tashi daga gidan mun koma zaman makoki a bayan gari, ƙarƙashin rumfar ganye da tsohon kwano. Mata suka aske kai, suka shafa farar ƙasa a fuska. Aka karyo rassa aka share sawunsa daga ƙofar kanti da ƙofar asibiti da gindin bishiyar da ya saba zama. Aka kife hotunansa, aka ba dangin nesa rigunansa. Inna ta rufe bakinta kamar yadda matar mamaci take yi, sai magana da hannu, har ranar da dangin miji za su buɗe mata shi. Sunansa ya fita daga bakin kowa, ya koma Kumanjayi, sunan da mutanenmu suke kiran kowane mamaci da shi. Har direban motar ruwa da suke suna ɗaya ya zama Kumanjayi, yana amsawa ba musu. Saboda haka kada ku jira in faɗa muku sunansa.

Abu ɗaya ne ba mu iya kawarwa ba, don ba a hannunmu yake ba. Muryarsa ce.

Gandun taurari yana tsallaken busasshen rafi, shingen waya ne kawai tsakaninsa da ƙauyenmu. Da can makiyayar shanu ce, a nan Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan doki. Bayan fari ya cinye shanun, sai wani Bature mai suna Lachlan Pettifer ya karɓi filin, ya duba bai ga ciyawa ba, bai ga ruwa ba, ya ɗaga kai sama ya ga abin sayarwa. Mu da muka gaji da roƙon a sa mana fitilun titi, sai ga shi duhun namu ya zama abin da ake tsallako teku a zo kallo. Aka bi gidajenmu aka sa wa kowane ƙwan lantarki hula don kada haske ya leƙa sama. Baƙi su zo da yamma cikin dogayen motoci, su miƙe a kujerun kwanciya, su yi ta kallon sama baki buɗe. Ni Verna, aikina a wurin shi ne raba barguna, zuba cakuleti mai zafi, da karɓe farar tocila a hannun baƙo in ba shi ja. Farin haske a gandun nan ya fi zagin uwa laifi.

Wani lokacin sanyi, Baba yana da ransa, Pettifer ya zo bakin wutarmu da na'urar ɗaukar murya ya ce ya ba shi labarin sama. Baba ya ba shi abin da ake ba yara, da Turanci, ba fiye ba. Ya ce ku Turawa masu haske kuke ƙirgawa, ku dubi inda babu haske, a tsakiyar kogin taurarin nan, za ku ga jimina baƙa ta miƙa wuya. In ta yi kamar tana gudu, 'yar'uwarta ta ƙasa tana neman miji. In ta kwanta, ƙwai ya samu. Ya yi tari a tsakiya, ya kori karensa, ya yi dariya. A ƙarshe ya juya kai daga na'urar ya ƙwala kira da yarenmu: “Tsohuwa, kawo shayi, maƙogwarona ya bushe!”

Pettifer bai tambayi kowa ma'anarsa ba. Ya ji muryar ta yi sama, ya ji ta da ƙarfi, shi ke nan ya yanke wa kansa cewa addu'ar rufewa ce da kakanninmu suke yi wa taurari. Haka yake gaya wa baƙi kowace yamma, kafin ya kunna muryar ta lasifikokin da ya ɓoye a cikin duwatsu. Ranar da na kawo wa Baba labarin, dariya ya yi har sai da aka bubbuga masa baya.

“Kada wanda ya gaya masa,” in ji shi. “Ai addu'a ce. Kin taɓa ganin na yi ta ba a amsa ba?”

Inna ta jefe shi da murfin gwangwani ta ce, “Wata rana sai dai taurarin su dafa maka.”

Bayan an tashi daga makoki na koma aiki. Rana ta faɗi, sanyi ya sauko, ina tsakiyar raba barguna sai na ji tarinsa daga cikin dutse. Barguna suka zube. Na toshe kunnuwa na ruga bayan ɗakin batura na tsuguna. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutumin nan zai ci gaba da kunna shi ba. Ya zo jana'iza fa, har da buhun fulawa da ganyen shayi da sukari ya kawo mana. Ya ga farar ƙasa a fuskokinmu da idonsa.

Da safe na same shi yana goge babban madubin hangen taurari da wani ƙyalle mai laushi, yana lallaɓa shi kamar jariri.

“Oga Lachlan, ka daina kunna muryar nan.”

“Haba Verna. Ni ma ina kewarsa, wallahi. Ai girmama shi nake yi.”

“A wurinku. A wurinmu ba a kiran mamaci, ba a jin muryarsa. Ana barinsa ya tafi.”

“Shi da bakinsa ya yarda a riƙa kunnawa.”

“Yana da rai ya yarda.”

Ya ajiye ƙyallen, ya yi min irin kallon da ake yi wa mara lafiya. Ya ce hutun makarantu ya kama, motoci cike suke har ƙarshen sanyi, mutane saboda muryar dattijon suke zuwa, har rubutawa suke yi cewa ta sa su hawaye.

“Ba cewa na yi ka lalata ta ba,” na ce. “Ajiye ta za ka yi, ko ka ba ni in ajiye. Shekaru in sun wuce, sunansa zai dawo bakin mutane, jikokinsa su ji shi. Haka ake yi.”

“Zan duba,” ya ce, ya koma kan madubinsa.

Bai duba komai ba. Iskar sanyi kuwa ba ta san shinge ba. Duk yammar da ta kaɗo daga gandun, sai muryar Baba ta tsallako rafi ta shigo ƙauye, mutane su ja yara ɗaki, su ƙure rediyo. Ni kuma na sauya dabara, ina gama raba barguna sai in sulale gida kafin a kunna.

Wata yamma da na makara, na biyo gefen shinge ina sauri, sai na hangi garwashi a cikin rami, an kare shi da guntun kwano don kada haskensa ya fita. Inna ce zaune a kan jar ƙasa, bargo a kafaɗa, gwangwanin shayi a kan garwashin, kofi biyu a gabanta. Na tsaya bayan wata 'yar bishiya. Muryar ta taso, ya yi maganar jimina, ya yi tari, ya kori kare. Inna tana gyaɗa kai kamar mai duba ko zai yi kuskure. Da ya zo ƙarshe ya yi kiran, sai na ji abin da ban ji ba tun ranar rasuwa. Na ji muryar uwata, ƙasa-ƙasa, a dishe.

“Ga shi nan zuwa, sarkin ƙorafi.”

Ta zuba a kofinsa, ta sa sukari cokali bayan cokali yadda yake so, ta juya, ta ajiye a gindin waya. Ta sha nata a hankali. Da ta gama ta tuttular da nasa a ƙasa, ta binne garwashin, ta ɗauki reshe tana share sawunta tana ja da baya.

A nan ta gan ni. Wata ya ɗan fito, ina iya ganin hannunta. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna ƙauye, ta kaɗa hannu. Kada kowa ya ji. Sannan ta dafa ƙirjinta ta nuna dutsen da muryar ta fito, ta haɗa yatsu biyu. Hannunta yana cewa: shi ke nan abin da ya rage mini.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa ma da wa. Ta karya doka biyu a zama ɗaya, ta saurare shi, ta kuma buɗe baki. Amma tun rasuwar ban ga ta sha wani abu har ƙasan kofi ba sai ranar. Na ɗauki gwangwanin na riƙe mata, muka koma gida. Daga ranar na daina damun Pettifer. In an kashe muryar, ban san abin da zai fitar da Inna daga bargo ba.

Goggo Winnie kuwa ba ta daina ba. Ita ce yayar Baba, ita ke riƙe da makokin, ita ce kuma za ta buɗe wa Inna baki idan lokaci ya yi. Tsohuwa ce 'yar firit mai sandar ƙarfe ta asibiti, amma ko 'yan sanda sun san ba a tare mata hanya. Ta same ni ina gasa jelar kangaru, naman dajinmu mai tsalle da ƙafa biyu, a toka, ta zauna ba sallama.

“Ke Nangala,” ta kira ni da sunan dangi, “Baturen naki kurma ne?”

“Na gaya masa, Goggo. Ya ce zai duba.”

“Zai duba. Sama yake dubawa, ba ya ganin ƙasa.” Ta caccaki tokar da sandarta. “Kina tsammani ban sani ba? Ni da nake bin sawun ƙadangare a kan dutse, uwarki ce za ta ɓoye mini sawu da reshe?”

Na daina juya jelar. “Goggo, ki bar ta. Ba ta cutar da kowa.”

“Kanta take cuta. Shi ma tana cutarsa. Ƙanena ya kama hanya, kullum da yamma a jawo shi baya ya yi wa baƙi wasa, matarsa kuma ta tare shi da shayi. Ta yaya zai isa? Dube ta yadda ta rame. Binsa take yi, ke ba ki gani ba. So kike mu sake shafa farar ƙasa kafin damina?”

Na ciro jelar daga toka na kakkaɓe. Gaskiya ta faɗa, ni ma kuma ina da tawa gaskiyar.

Yammar Asabar, wuri ya cika maƙil, baƙi sun kwanta sun yi tsit, muryar Baba ta kai kan wuyan jimina. Sai ga akori-kurar asibiti ta faso ƙofar gandun, fitilu a ƙure, Goggo a gaba ta ɗora hannu a kan ham ɗin motar tana ta dannawa. Hasken ya watsu a kan mutanen nan, suka yi ta ihu suna rufe ido kamar an watsa musu barkono. Wani mai kyamara a kan ƙafa uku har da zagi. Goggo ta sauko da sandarta, farar ƙasa a goshi, ta tsaya a tsakiyar hasken.

“Wannan da kuke ji ƙanena ne,” ta faɗa da Turanci. “Ya mutu. Mun binne shi. Ku in uwarku ta mutu, kuna tono ta kowace yamma ta yi wa baƙi waƙa?”

Pettifer ya taho da gudu, jar tocila tana lilo a wuyansa. “Anti Winnie, don Allah, mu je ofis mu yi magana.”

“Ni ba antinka ba ce, yaro. Rufe shi.”

“Fitilun motar dai tukuna, mutane sun zo daga nesa…”

“Shi ma nesa zai je. Rufe shi!”

Ya rufe. Wata mata a cikin baƙin ta fashe da kuka, wasu suka fara tattara kaya, na ga da yawa sun ciro wayoyi suna ɗauka. Abin da hawayenmu bai yi ba, wayoyin nan suka yi. Kafin gari ya waye labarin ya zagaya, mutanen birni da ba su taɓa taka jar ƙasa ba suna ta tsine wa gandun. Pettifer ya rufe wurin ya ce ana gyara.

Kwanakin nan Inna ba ta fita ba. Da yamma sai ta zauna a ƙofa ta karkata kunne wajen rafi. Na gaya mata an dakatar ne, zan karɓo muryar in ajiye mana. Ta gyaɗa kai, ta yi alama da hannu: zan jira.

Ranar da za a sake buɗewa ya aiko a kira ni. Na same shi ya yi aski, fuskarsa wasai, kamar wanda ya fito daga coci.

“Verna, na yi kuskure, na kuma koyi darasi. Na karanta abubuwa da yawa a kan al'adarku.”

“To madalla. Ka ba ni muryar in tafi da ita.”

“Ai babu ita.” Ya buɗe hannuwa yana murmushi. “Na goge. Ta cikin na'ura, ta kwamfuta, har wadda na ajiye don ko-ta-kwana. Ko ɗigo ban bari ba. Ba wanda zai ƙara jin ta har abada, na yi muku alkawari.”

Na nemi kujera na zauna.

“Wa ya ce ka goge?”

“Anti Winnie ta ce…”

“Cewa ta yi ka rufe. Ni na ce ka ajiye. A nan wurin na tsaya na gaya maka, kana shafa madubinka.”

Murmushin ya ɗan rage, amma bai tafi ba. Ya ce ya ɗauka hakan ya fi tsabta, kada wani ya sake yin kuskure. Ya ce ya riga ya sanar wa duniya, mutane suna ta yaba masa. Kalmomin dattijon kuwa ba su ɓata ba, ya sa an rubuta su tsaf, wani ɗan wasan kwaikwayo a birnin Adelaide mai murya kamar ta rediyo ya karanta.

“Akwai ma abin da na ƙara a ƙarshe,” ya ce. “Za ki ji daɗinsa.”

Ban tsaya jin ko mene ne ba. Da na tsaya, da madubin nan bai kwana lafiya ba.

Wurin Goggo na fara zuwa. Ta saurare ni har ƙarshe, sandarta a kan cinya. Sannan ta ce, “Jikokinsa fa?” Na ce babu. Ta ce, “Ko tarin?” Na ce ko tarin. Matar da ta tsaya a gaban fitilun mota ta tsawata wa taron Turawa, sai ga ta ta ja bargo ta rufe kanta. Daga ciki ta ce, “Ni ba zan iya gaya mata ba. Je ki.”

Na iske ƙofar Inna a buɗe, ba ta nan, ba gwangwanin shayi. Ta ga dogayen motoci sun wuce, ta ji ana gwada lasifika, ta yi nata lissafin.

Na bi shinge da gudu. Rana ta riga ta faɗi, babu wata, sama ta cika da taurari har ba masaka tsinke, jimina tana kwance a tsakiyarsu baƙa ƙirin. Na same ta a wurinta, garwashi a rami, kofi biyu. Kafin in daidaita numfashi muryar ta taso.

Murya ce mai santsi, mai zurfi, ta mutumin da bai taɓa haɗiyar ƙurar shanu ba. Ku dubi inda babu haske, in ji shi. Babu tari, babu kare, babu dariya. Na ji Inna ta daina motsi.

“Inna,” na ce, “ki tashi mu tafi gida. Zan gaya miki a hanya.”

Ba ta tashi ba. Mutumin ya gama da jimina, sai muryar Pettifer ta shigo, ya ce yanzu za a rufe da tsohuwar addu'ar mutanen ƙasar nan, yana roƙon kowa ya tashi tsaye ya maimaita don tunawa da dattijon da ba a faɗin sunansa. Ɗan wasan ya jero kalmomin yarenmu ɗaya bayan ɗaya, a karkace, da nauyi kamar mai karanta Linjila. Baƙi suka ɗauka gaba ɗayansu, maza da mata da yara, fuskoki a sama, murya ɗaya ta tsallako shinge ta faɗo a kanmu.

“Tsohuwa, kawo shayi! Maƙogwarona ya bushe!”

Suka maimaita. Suka yi tafi.

Na ji ƙarar cokali a jikin kofi. Ashe ta riga ta zuba tun kafin a fara, har ta sa sukari. Sai na ji bargonta yana motsi, na gane magana take yi mini da hannu, ni kuwa ba na ganin komai. Garwashin ya mutu, jar tocilata tana wurin aiki. Wadda ke aljihuna fara ce, na karɓe ta a hannun wani baƙo na manta ban mayar ba. Na kunna na haska hannuwanta.

Nan take aka fara daga tsallaken waya.

“Kai! Wa ke nan?”

“A kashe fitila!”

“Wasu mutane ba su da tarbiyya!”

Inna ba ta ko juya ba. Ta riƙe kofinsa da hannun hagu, tururi yana tashi, da na dama ta nuna dutsen, ta juya tafin hannu sama. Ina yake? Na gaya mata da baki, don hannuna ba zai iya ba. Na ce an goge, duka, ba sauran ko kaɗan.

Ta dube ni, ta dubi kofin. Ta sake ɗaga hannun, ta nuna shayin, ta juya tafin sama. Wa zan ba?

Suna can suna ta ihu a kashe fitila, na ji takun Pettifer yana tahowa ta cikin ciyawa yana ba su haƙuri. Ban kashe ba. Na riƙe hasken a kan hannun uwata ko za ta ƙara cewa wani abu, amma ba ta ƙara ba. Tana riƙe da kofin har ya daina tururi.